Sai Ta Ce "Na Shiga Gida" Nake Barci

Wayata a gefen matashi take kwana, domin a sana'ar nan tamu aiki bai ƙare ba sai fasinjar ƙarshe ta kira ta ce, "Hajiya, na shiga gida." Matan da tafiya ta kama su kaɗai muke ɗauka. Mu tarbo su a filin jirgin Malam Aminu Kano ko a tasha, mu zaga da su cikin gari, ko mu kai su Zariya, Kaduna, Katsina da Dutse. Motoci uku gare ni da Adaidaita Sahu biyu, da ɗan shago a titin Gidan Zoo.

A wurin Baba na gaji abin, Allah ya jiƙansa. Direba ne, Fijo yake ja tsakanin Kano da Katsina, kuma lokacin hutun makaranta ni ke kai masa abinci tashar Ƙofar Ruwa. Ina zaune a benci ina kallon lodi. Ban taɓa ganin ya bar 'yan kamasho sun cusa mace tsakanin maza biyu ba; ko mota ta cika sai ya sauke kowa ya sake tsari. Idan ya iso da mace bayan magariba bai ga mai tarbarta ba, gidanmu yake kawo ta, Inna ta shimfiɗa mata tabarma, da safe ya kai ta inda za ta. Yakan ce min, "Uwata, kaya ake saukewa a tasha, mutum hannu ake danƙa shi." Da wannan maganar nake horar da direbobina har gobe.

Mutanen Kano sun san asalin Adaidaita Sahu don mata aka kawo shi a 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, saboda a raba su da hawa acaɓa. Da aka hana acaɓa a 2013, sai kowa ya koma cikinsa, maza da mata, aka rasa abin da aka faro dominsa. A 2022 kuma aka hana shi zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. To macen da jirginta ya yi jinkiri fa, ko wadda motarsu ta lalace a hanya ta shigo gari sha ɗaya? Na taɓa ɗauko wata baiwar Allah daga Damagaram, ta zo sarin atamfa Kantin Kwari, kuɗinta ƙulle a ƙugu, tana tsaye a bakin titi ba ta san gabas ba bare yamma. Shekara uku ke nan, duk zuwanta Kano mu ke tarbarta.

Zaɓen direba shi ne ƙashin bayan aikin, kuma a nan na fi ɓata lokaci. Lasisi ba ya isata. Sai na je gidansa na gaisa da matarsa, na ji ta bakin mai unguwarsu, ya kawo dattijo biyu da za su tsaya masa. Sannan na zauna a kujerar baya mu tafi Zariya mu dawo, kilomita kusan 150 kowace tafiya, ina lura. Ba gudu kaɗai nake dubawa ba. Ina duba idonsa a madubi: hanya yake kallo ko fasinja? Yana da yawan tambaya? Wanda zai ce wa mace "wurin wa za ki?" ko ya nemi lambarta, ko ya fi kowa iya tuƙi ba zai riƙe makullina ba. Akwai wanda na sallama don ya tsinci fasinja ɗaya a hanya, wai ɗan garinsu ne. Motar da mace ta yi shata, ba mai shiga sai wanda ta sani.

Shi ya sa masu kwaikwayo suke ƙona min rai. Mutum ba shi da ko taya, ya buga hoto a Facebook ya rubuta "mata zalla", ya karya kuɗi. Kin biya, sai ya bugo wa kowane direba da ya samu a tasha ya haɗa ku. Bai san gidansa ba, bai san halinsa ba. Ranar da abu ya faru ya kashe waya, mu kuma da muke wahala a shafa mana baƙin jini.

Kafin mota ta iso wurin fasinja, na tura mata hoton direba da lambar mota da launinta ta WhatsApp, na tura wa maigidanta ko yayanta irin wannan saƙon. Galibi ma mazajen ne ke fara kira: "Hajiya, ga iyalina nan, amana." Mai tun dare ake sha, a duba birki da taya da safaya, don kada a tsaya da mace a layin gidan mai ko wurin faci. Doguwar tafiya bayan asuba muke tashi, kuma motata ba ta kama hanyar Kaduna bayan la'asar, ko nawa za a ba ni. Mai zuwa Abuja mukan kai ta tashar Rigasa a Kaduna ta hau jirgin ƙasa zuwa tashar Idu a Abuja. Jirgin ya fara aiki a 2016, ya tsaya bayan harin 28 ga Maris 2022, ya dawo a Disambar shekarar, kuma da yawan matan da nake hulɗa da su sun fi samun natsuwa a cikinsa.

Akwai abin da namiji ba zai taɓa kawowa a ransa ba: inda mace za ta kama ruwa ta yi salla. Na bi hanyoyin nan da ƙafata, na shiga banɗakunan masallatai da gidajen mai ɗaya bayan ɗaya, na ware masu ƙofa mai sakata da ruwa da wurin mata daban. A nan kaɗai direbobina ke tsayawa. Kowace mota da buta da darduma da hijabi wankakke a but. Mai ciki da mai goyo da tsohuwa mai ciwon suga su suka san darajar wannan.

Amma duk da haka sai wata ta ce, "Haba Hajiya, a tashar Unguwa Uku ai kuɗin mota rabin haka ne." Gaskiya ne, Yaya, rabin haka ne. Sai dai a can kujera kika saya.

Ko ba motata za ki hau ba, ƙanwata, ki shiga mota a cikin tasha, kada ki tare a bakin titi. Ki ware canji a hannu don kada ki buɗe jaka a gaban jama'a. Ki rubuta lamba biyu a takarda, saboda masu ƙwacen waya. Kada ki nuna ke baƙuwa ce. Ki faɗi sunan unguwar da za ki kamar can aka yanke miki cibiya.

Akwai wata ɗaliba da muka fara kaiwa Zariya tana kuka, mahaifiyarta na bin mota da addu'a. Bana take aji huɗu, ita ke tsara tafiyarta, har ƙawayenta take haɗowa su yi shata tare. Yau ma ita muka ɗauko. Direba ya kira ɗazu sun wuce Kwanar Dangora, mahaifiyarta kuma ta riga ta ɗora tukunya.