Lesin ɗin lissafi a zauren gidanmu

Jarina duka bai wuce benci shida da allo ɗaya da fitilar sola ba. A zauren gidanmu da ke Zariya nake koyar da lissafi, ni da wani ƙanena da ke karɓar 'yan firamare. Alhamis da Juma'a su ne kasuwarmu, tunda babu Islamiyya. Sauran ranaku sai bayan magariba. Da jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato wuri yakan yi mana kaɗan, don kowa ya san babu shiga jami'a sai da kiredit a lissafi da Turanci. Ana gama jarrabawa kuma sai zaure ya koma na kaji.

Abin da ya fi kawo mini yara shi ne jinga, musamman ta indisis, wato ƙaramar lambar nan da ake ɗora wa babba a ka. Mu a nan hula muke ce mata. Ka rubuta wa yaro 2³, da saurinsa zai ce shida. Ba daƙiƙi ba ne, hadda aka ba shi ba a nuna masa abin da ke ciki ba. Sai in ce ya cire hular ya baje kayan: 2 × 2 × 2, takwas. Haka 2³ × 2⁴, ba na faɗa masa cewa tara huluna ake yi. Shi zai jera biyu-biyun ya ƙirga da yatsa, ya ga bakwai ne, 2⁷, wato 128. Wanda ya ƙirga da hannunsa, da wuya ya rikita wannan da (2³)², inda ake ninka hulunan a sami 64.

Rigima tana wajen 2⁰. Wata yarinya 'yar SS1 ta rantse mini sifili ne, har da cewa, "Malam, babu ai babu ce." Na ce mu sauka a hankali daga 2⁴: 16, 8, 4, 2, kowane mataki ana raba biyu, hula tana raguwa da ɗaya. Me ke biye? Ta yi shiru, can ta ce ɗaya, ranta bai so ba. Da kanta ta ƙara taku ɗaya ta gano 2⁻¹ rabi ne.

Masu cewa aljabara kayan Turawa ce, nakan gaya musu sunan ma daga al-jabr yake, littafin Alkawarizmi na Bagadaza a ƙarni na 9, kuma babban sashe na littafin lissafin gado da wasiyya ne. Nan take suke gyara zama.

Iyaye su ne jarrabawata. Jinkirin kuɗin wata na saba da shi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hoton jinga ta WhatsApp ƙarfe goma sha ɗaya na dare: "Malam, a taimaka da amsa, gobe za a karɓa." Ba na turawa, kuma na rasa ɗalibai saboda haka.

Akwai wani magini da ya zo da faɗa, wai ɗansa ya yi wata biyu bai iya Fitagoras ba, wato ƙa'idar lissafin tsawon gefunan alwatika mai kwana tsayayya. Na ce, "Baba, yaya kuke fitar da kwanar gini?" Ya ce da igiya: ƙafa uku nan, huɗu can, idan tsakaninsu ya ba da biyar, kwana ta tsaya daidai. Na rubuta 3² + 4² = 5², wato 9 + 16 = 25, na ce Fitagoras ɗin ke nan, na miƙa wa yaron alli. Ranar Asabar da igiyar uban muka auna kwanar zauren, ashe ta karkace.