Asabar: ranar da jirgin Black Joke ya cinye mini

Na zauna bayan sallar asuba da niyyar tsara darasin hana cinikin bayi da zan koyar ranar Litinin, amma har aka kira azahar ban rubuta layi biyar ba. Labarin wani ɗan ƙaramin jirgin yaƙin Ingila ne ya riƙe ni, irin jiragen da iska ke turawa da manyan ƙyallaye.

Asalinsa jirgin fataucin bayi ne, sunansa Henriqueta, yana jigila tsakanin gaɓar Afirka ta Yamma da Bahia a Birazil. A watan Satumba na 1827 jirgin yaƙin Ingila mai suna Sybille ya kama shi da mutum 569 a cikinsa. Aka yi gwanjonsa a Saliyo, Kwamanda Collier, shugaban jiragen Ingila masu farautar jiragen bayi, ya saye shi, ya raɗa masa suna Black Joke. Dalili kuwa gudu. Manyan jiragen Ingila nauyi gare su, masu safarar bayi kan tsere musu, shi kuma wannan don tsere aka ƙera shi tun farko.

Inda na fi daɗewa shi ne karonsa da El Almirante, jirgin bayi na Sifaniyawa, a farkon Fabrairu na 1829, a ruwan da ke kusa da Legas. Almirante na da igwa 14, Black Joke biyu kacal. Iska ta ɗauke, sai matuƙa suka koma tuƙi da filafilai, awa 31 suna binsa kafin su cim masa. Cikinsu akwai 'yan ƙabilar Kuru, 'yan Afirka ne su ma, kuma da wuya ka ji an ambace su idan ana wannan labari. Mutum 466 aka fitar daga cikin wancan jirgi. Na yi ta tunanin halin da suke ciki a ƙasan jirgin, a ɗaure, suna jin ƙarar igwa a samansu ba su san wa ke harbin wa ba.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, kokon fa ya huce." Na ce mata ga ni nan, sai na karanta mata adadin. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Innalillahi, duk a jirgi ɗaya?"

Abin da ya fi taɓa ni Bahia ce. A waɗannan shekaru an kai Hausawa da yawa can, waɗanda yaƙe-yaƙe suka ci aka gangara da su bakin teku, har suka shirya tawaye a 1807. Wato hanyar da Henriqueta ta bi ita ce hanyar da aka bi da mutanenmu. Ban taɓa faɗa wa ɗalibaina wannan ba, kuma ya kamata in faɗa.

A 1831 Black Joke ya kama wani jirgin bayi, Marinerito, da mutum 496. Zuwa 1832 katakonsa ya ruɓe, hukuma ta ba da umarni aka ƙone shi a Saliyo cikin watan Mayu. Shekara huɗu da 'yan watanni ke nan ya yi a wannan aiki.

Bayan isha'i na ɗauko taswira, na ja layi da jan biro daga Legas zuwa Bahia. Da ita zan shiga aji jibi in Allah ya kai mu.