Kalangun bokiti

A shekarata ta ƙarshe a makaranta, da aka ce kowa ya kawo abin da zai haɗa na kammala karatu, sai na ce kalangu zan yi, amma na kwamfuta. Abokaina suka yi ta dariya, wai duk injiniyancin da muka karanta a kiɗan mahauta zai ƙare. Na ƙyale su. A kaina abin ba wuya: a samo ƙaramin bokitin roba, a manna masa ɗan faifan piezo mai jin bugu, a jona shi da Arduino, wani ɗan ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni, Arduino ya aika wa kwamfuta lamba, manhajar Pure Data ta fitar da sauti. A bango kuma majigi zai haska dagin Arewa, yana buɗewa yana tsukewa daidai da ƙarfin bugun. Wannan ɓangaren da manhajar Processing na rubuta shi. Manhajojin biyu kyauta ne, aljihun ɗalibi kuwa ba ya ɗaukar abin da ya fi haka.

Wata biyu na yi ina fama da waya da dalma. Da abin ya fara fitar da sauti, sai na ji kamar na gama. Na je na roƙi wani dattijo a unguwarmu, mai kaɗa wa mahauta kalangu tun kafin a haife ni, ya zo ya gwada.

Ya zauna, ya ɗauki makaɗi, ya buga sau uku, ya ajiye.

"Ɗan nan, abin naka kurma ne? Na buga, sai ya tsaya tunani kafin ya amsa."

Na ce, "Baba, ai nan take yake amsawa."

Ya ce, "A kunnenka."

Raina ya ɗan ɓaci, amma da dare na zauna na yi lissafi. Kwamfuta ba ta sakin sauti ɗaya bayan ɗaya, tarawa take yi ta saki a dunƙule. Ni na bar ta tana tara gutsattsarin sauti 1024, alhali 44,100 take fitarwa a daƙiƙa guda. Jinkirin milisakan 23 ke nan (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa). Sannan a cikin Arduino na saka wani jira na milisakan 20 da hannuna, don robar tana rawa bayan an buga ta, piezo ya riƙa ƙirga bugu ɗaya a matsayin uku. Jimilla milisakan 43. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato dai na ba tsoho ganga a cinya, muryarta kuma tana fitowa daga kusan mita 15 can gaba. Ni mai kallon allo ban ji ba. Shi da hannu yake ji. Na cire jiran, na sake rubuta wurin, na rage tarin zuwa 256, wanda bai kai milisakan 6 ba. Na gwada 128, tsohuwar kwamfutata ta fara tari, na koma.

Zuwansa na biyu ya fi ba ni kunya. Na ɗaura wani abin jin matsi a jikin madauri, yadda zai matse da hammata kamar yadda ake matse tsarkiyar kalangu. Sai dai na raba matsin gida-gida, kowane gida da sautinsa irin na fiyano: 60, 62, 64, lambobin MIDI, tsarin da kayan kiɗan lantarki ke magana da kwamfuta da shi. Haka na koya, kuma tsarin MIDI ɗin, tun fitowarsa a 1983, don masu danna madannan fiyano aka fi tsara shi. Baba ya matsa, ya saki, sautin yana tsalle kamar mai hawa matakala.

Ya ce, "To, sa shi ya ce kuka. Ta miya nake nufi, ba na hawaye ba."

Na yi shiru. Kukan hawaye sama da sama yake tafiya, kukar miya kuwa sama take farawa ta sauka. Kalangu magana yake yi da karin sautin Hausa, kuma makaɗi yana iya buga fata sannan ya saki tsarkiya, muryar ta zame ƙasa bayan bugun. A wannan zamewar take da kirari suke zaune, ni kuma ita ce na yanke na zubar don lambobina su daidaita. Abin haushi, MIDI ma yana da hanyar lanƙwasa sauti mai matakai 16,384, ban dai taɓa dubawa ba. Daga ƙarshe na watsar da gidajen gaba ɗaya. Arduino yana karanta matsi daga 0 zuwa 1023, sai na miƙa wa Pure Data lambar yadda take, muryar ta riƙa bin hammata.

Dagin da na fi wahala a kansa, Baba ko kallonsa bai yi ba. Yara ne suka so shi, suna dukan bokitin da iyakar ƙarfinsu don su ga ya cika bango, ba ruwansu da abin da ke fita a lasifika. Ranar gabatarwa ma malamai a kansa suka fi yin tambaya.

Da na kai wa Baba gyararren, ya ɗan jima yana kaɗawa, ya ce yanzu ya iya gaisuwa, amma bai isa a kai shi gaban sarkin fawa ba. Bokitin yana gida, ƙannena na ɗibar ruwa da shi, piezon na nan manne a gindinsa.