Asabar ɗin feshin roba

Yau ban fita ko'ina ba. Tun jiya da daddare na sanar da mutan gida cewa motar ba za ta motsa ba sai yamma, duk mai zuwa biki ko cefane ya nemi adaidaita. Dalili kuwa ragar gaban motar ce, wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Motar 'yar Kwatano ce, ta kwana biyu, inji lafiya lau, amma farin nan mai ƙyalli da ke jikin ragar ya fara ɓamɓarewa, wani wurin ya kumbura, wani wurin ya tashi har yana iya yankar yatsa. Da yawa suna ɗauka ragar ƙarfe ce. A irin waɗannan motoci roba ce mai tauri aka lulluɓe da ƙarfe siriri ƙwarai, hawa-hawa, kurom ne a can sama yake ba da walƙiyar. Ranar Kano ta doke ta daga gaba, zafin inji ya doke ta daga baya, robar tana buɗewa tana tsukewa, ƙarfen kuwa ba ya bin ta daidai. Shekaru suna tafiya sai ya tsage.

Da na so in sayi wata a Ƙofar Ruwa, to amma waɗanda na gani su ma tsofaffi ne, gobe ko jibi za su bi sahun tawa. Mai fenti kuma ya ce sai ya kankare ta tas ya yi mata na ƙasa sannan ya fesa, kuma in ya yi shi ke nan, babu komawa. Shi ya sa na karkata ga feshin roba. Asalin abin daga Amurka yake. Wani kamfani a jihar Minnesota ne ya fito da Plasti Dip a 1972, kuma ba don mota aka yi shi ba, don a riƙa tsoma hannun filaya da sukudireba ne su yi daɗin riƙo. Daga baya aka zuba shi a gwangwanin feshi, masu son gayun mota suka gano shi, suka shiga fesa wa taya da raga da tambari, wasu ma har motar ɗungurungum. Nawa ba na wannan kamfanin ba ne, cikin ire-irensa ne da suka cika kasuwa yanzu, mililita 400, baƙi marar sheƙi.

Bayan na dawo daga masallaci da asuba na ɗan kishingiɗa, da gari ya waye sosai na tashi ƙanena ya zo ya kama mini. Ya so mu fesa a jikin motar, mu rufe fitilu da bamba da jarida kawai. Na ƙi. Bayan ragar nan akwai lagireto, a gabansa kuma akwai na esi, dukansu da 'yan ƙananan ramuka da iska ke bi ta sanyaya su. Duk abin da ya wuce ta ragar can zai sauka. Ga shi kuma in tana jikin mota ba ka isa ka samu lungunanta ta ƙasa da ta gefe ba. Muka buɗe bonet, muka ciro 'yan maƙalan robar da ke riƙe da ita ta sama, sai wasu haƙora da ke ƙasa waɗanda sai an lallaɓa an danna su ta ciki. Robar da ta sha rana ba ta son ƙarfi. Ta fito lafiya, tambarin ma na kwance shi daban na ajiye, don shi farinsa bai lalace ba kuma ina son ya zauna yadda yake.

Wanki ya fi komai cin lokaci. Wannan robar ba ta cizon abu kamar fenti, kwanciya take yi a kai ta rungume shi. Saboda haka ba a buƙatar goge wuri mai lafiya da sanfefa, amma kuma ɗigon mai ko maiƙon hannu ya isa ya hana ta zama. Raga kuwa ba abin da ba ta tara: ƙura, matattun ƙwari, hayaƙin manyan motoci, da man da yaran wankin mota suke shafa wa don ta yi ƙyalli. Na jiƙa ta da ruwan omo, na bi kowane rami da tsohon burushin haƙori. Inda farin ya tashi na ɓamɓare duk wanda ya saki, na ɗan goge bakin wurin don ya daidaita, domin robar ba ta ɓoye tabo, duk tudun da ka bari sai ya fito a samanta. Na ɗauraye, na jingina ta a rana. Ruwa yana ɓuya a kusurwoyi, sai da na yi ta kaɗa ta ina juyawa. Da ta bushe ƙarau na bi ta da sifirit na kemis a tsumma mai tsabta, daga nan ban ƙara taɓa fuskarta da hannu ba.

Uwargida ta leƙo ta ga burushin ta ce, "Maigida, Allah dai ya sa ba na yara ka ɗauka ba." Na ce nawa ne tsohon. Ta ce to kar dai warin abin ya shigo mata kicin, tana da girki. Tana da gaskiya. Abin da ke narkar da robar a cikin gwangwani ɗan uwan fetur ne, yana da hawa kai, yana kuma kama wuta. Don haka rumfar mota na zaɓa, nesa da murhu, janareta a kashe. Na yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, na ɗora ragar a kan kwali bisa bulo biyu, na sa takunkumi, na kori yara zuwa cikin gida.

Lokacin shekara ma na duba kafin in sa ranar. Damina ta ɗauke, hazo bai sauko ba tukuna. In hunturu ya kankama, ƙurar da ke yawo a iska kan ɗanyen feshi za ta zauna, ka wayi gari da raga mai tsakuwa. Tsakar rana kuma ba ta yi, domin in zafi ya yi yawa feshin tun a iska yake bushewa kafin ya isa, sai ya sauka gari-gari, wuri ya yi kaushi. Hantsi cikin inuwa shi ne daidai.

Na girgiza gwangwani sosai, ɗan ƙwallon da ke ciki yana ta ƙara, na gwada a jikin kwali har feshin ya daidaita. Shafin farko ɗan yayyafi ne kawai, tazarar kamar taƙi guda, hannu yana tafiya ba tsayawa, ana fara dannawa kafin a iso ragar a saki bayan an wuce ta. Da na gama farin yana nan yana leƙowa ta ko'ina, abin ba kyan gani.

Daidai nan Alhaji maƙwabcina ya shigo, wai ya ji wari ya zo ya ga ko lafiya. Ya tsaya ya ƙare wa ragar kallo ya ce, "Malam, ai ka ɓata ta. Matso da gwangwanin ka cika ta gaba ɗaya mana, ka huta." Na ce, "Alhaji, in na matso zai zubo ne ya yi hawaye, kuma hawayen nan ba ya gyaruwa sai an jira ya bushe an ɓare duka." Na nuna masa abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, a bar kusan minti 30 tsakanin shafi da shafi. Ya ce shi aikin da za a yi ta zaman jira ba nasa ba ne, amma ya ja benci ya zauna. Aka kawo shayi.

Daga shafi na biyu ne ake jiƙa shi sosai, ya kwanta yana sheƙi kamar zai zubo amma bai zubo ba. Raga kuma wuyar sha'ani gare ta, don kowane sanda yana da fuska da sama da ƙasa da gefe. Kowane zagaye sai na sauya inda nake tsayawa, wani daga sama, wani na juya kwalin na bi ta ƙasa, wani daga dama, wani daga hagu. Rabin abin da ke fita ma ta ramuka yake wucewa ya sauka a kwali, shi ya sa ƙaramar raga take cin gwangwani fiye da yadda mutum zai zata. In na gama zagaye sai in kifa gwangwanin in danna kaɗan har iska zalla ta fito, don kar bakin ya toshe.

Da baƙin ya rufe ko'ina ƙanena ya ce, "Yaya, ai ya yi haka, a ajiye sauran a yi wa taya." Nan ne mutane da yawa suke cutar kansu. Rufe launi daban, kauri daban. Duk amfanin wannan abu a kan fenti shi ne ranar da ka gaji da shi, ko za ka sayar da motar, ka kama gefe ka ja ya taso kamar fatar dafaffiyar doya. Hakan ba ya yiwuwa sai yana da kauri, shafi biyar ko shida masu kyau. Wanda ya yi biyu ya tsaya don tsimi, ranar cirewa zai sha wuya, domin yagewa zai yi ta yi ƙanana-ƙanana, ya zauna yana tsintar su da farce a cikin ramuka ɗaya bayan ɗaya. Mai kauri kuma ya fi jure tsakuwar hanya. In dai za a yi siriri, gara ma a kai wa mai fenti tun farko. Na buɗe gwangwani na gaba na ci gaba.

Alhaji ya tafi da aka kira azahar. Ni ma na yi shafin ƙarshe na rufe rumfar da tsohon labule ta ɓangaren da iska ke shigowa, na yi alwala. Bayan salla na ci shinkafa da wake na kwanta, don ana so a bar shi aƙalla awa huɗu kafin a taɓa shi da sunan aiki. Kaina ya ɗan yi nauyi duk da takunkumin, irin na ƙyalle ba ya tare wannan warin, iskar wurin ce ta taimaka.

Bayan la'asar na je na duba. Sheƙin ya tafi, ya koma baƙi mai laushi, in ka shafa sai ka ji santsi da ɗan danƙo. Inda na goge tabon yana nan kaɗan in ka durƙusa ka ƙura ido, daga tsaye ba a gani. Na mayar da tambarin, farinsa ya fito fes a kan baƙin, har fitilun ma sai suka zama kamar an sake su. Wajen mayar da ita muka bi a hankali kar gefenta ya gogi bamba, don kwana na farko robar ba ta gama ƙarfi ba. Maƙali ɗaya ya karye saboda tsufa, na ɗaure wurin da siririyar waya kafin Litinin in sayo wani.

Yaron da ke wanke mini mota ya zo wucewa na kira shi na yi masa kashedi. Sati guda kar ruwa ya taɓa ta. Bayan nan ma soso da sabulu kawai, kada ya kusanto da bakin injin wankin nan mai ƙarfi kusa da gefenta, zai iya ɗaga ta. Fetur da kananzir kuwa, waɗanda suke goge kwalta da su, ko kusa, narkar da ita za su yi. Ya ce, "To Oga, man ƙyalli fa?" Na ce shi ma a bar shi.

Da magariba Alhaji ya dawo daga masallaci tare da ni, ya tsaya gaban motar ya haska fitilar waya, ya sa babban yatsa ya danna gefen ragar. Sai ya ce tasa ragar ma ta fara tashi, ko zan duba masa. Tasa sabuwar shiga ce, irin waɗanda wasunsu ke da na'urar hango abin da ke gaba a bayan tambari, kuma ba a so a rufe wannan da komai. Na ce ya kawo littafin motar gobe bayan azahar mu duba tukuna, in babu matsala ya sayo gwangwani uku da omo, burushi kuma ya nemo nasa.