Kunnena ya yi mini rana a Latin, ya kunyata ni a Turanci

Da malami ya raba mana waƙoƙi biyu ya ce mu fitar da karinsu da amsa-amonsu, ta Latin ce ta fi tsorata ni. Farkon doguwar waƙar Aeneid ce, ta Virgil, mawaƙin Romawa wanda ya rasu shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa. Ɗayar kuwa ta Shakespeare ce, cikin waƙoƙinsa 154 da aka buga a 1609. Na ce ai Turanci gida ne, da shi na yi makaranta. Ashe gaba da gabanta.

Karin Latin ya dogara ne ga nauyin gaɓa, abin da kunnen Bahaushe ya riga ya saba da shi tun daga waƙoƙin wa'azi na makarantar allo. "Gida" sassauƙar gaɓa ce sai mai nauyi. "Doki" duka biyun masu nauyi. Rubutun bokonmu ba ya nuna tsawon wasali, haka ma littattafan Latin, sai mai karatu ya sani da kansa. Ɗangon Virgil ƙafa shida ne, kowace ko dai mai nauyi ɗaya da sassauƙa biyu, ko masu nauyi biyu. Na rera "arma virumque cano", kalmomin farko na waƙar, ina buga tebur, ƙafafun suka fito da kansu, abokan karatuna suna can suna fama da fensir. Wuri ɗaya na yi ta tuntuɓe: in kalma ta ƙare da wasali, ta gaba ta fara da wasali, na farkon haɗiye shi ake yi. Amsa-amo kuwa na ɓata dare guda ina nema, ashe Virgil bai yi shi ba sam. Sai waƙoƙin coci na ƙarnukan baya ne suka shahara da shi.

Turanci ne ya kayar da ni. Na ɗauki ma'aunin nauyi na ɗora masa, na sa wa gaɓar farko ta "summer" alamar sassauƙa don wasalinta gajere ne. Malami ya zagaye ta da jan biro. Nan ƙarfin furuci ake ƙirgawa, gaɓa goma a ɗango, biyar ana danna su. Waƙar ɗango 14 ce, kuma amsa-amo bakwai ne a cikinsu, ni da na saba harafi ɗaya ya riƙe waƙa har ƙarshenta.

Har yau in zan auna ɗangon Turanci, sai na karanta shi kamar ina yi wa yaro faɗa kafin in ji inda ake dannawa.