Kula da Kunkuru a Ɗaki Lokacin Hunturu

Babban kunkurun da aka fi kiwo a gidajenmu, mai launin ƙasa da tsinaye a bayan cinya, ɗan yankin Sahel ne, daga Senegal har Sudan. Masana na kiransa sulkata. Abin da ya kamata mai kiwonsa ya fara riƙewa shi ne, wannan kunkurun ba ya dogon barcin sanyi irin na wasu kunkuran Turai. A daji, idan dare ya yi ɗari, rami mai zurfi yake shigewa, inda ƙasa ke riƙe ɗumi da laima. A tsakar gidan da aka shafe da siminti ba shi da wannan mafaka. Saboda haka idan ka ga ya lafe a lungu kwana biyu a watan Janairu, ba ya ci ba ya motsi, kada ka ce hutawa yake. Sanyi ne ya kama shi.

Jikinsa ba ya samar da ɗumi da kansa. Idan ya yi sanyi, abincin cikinsa ba ya narkewa, garkuwar jikinsa ta raunana, sai ciwon numfashi ya biyo baya. Da zarar zafin dare ya fara sauka ƙasa da digiri 18, a shigar da shi ɗaki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sake shi a kan tayil ko siminti. Daɓen yana zuƙe ɗumin jikinsa ta ciki, santsin tayil kuma yana lalata ƙafafun ƙanana. A haɗa masa akwatin katako marar murfi, wanda ba ya iya hango waje ta bangonsa, domin a akwatin gilashi yini yake yi yana tunkuɗar bango. Ƙarami zai wadatu da tsawon santimita 120 da faɗin 60, babba kuwa sai an ware masa sashen ɗaki. A zuba ƙasar lambu mai tsabta, wadda ba taki ba maganin ƙwari, kaurin santimita 10 zuwa 15. Yashi zalla bai dace ba, yakan haɗiye shi tare da abinci ya toshe masa hanji.

Kwan fitila mai zafi a rataye shi a gefe ɗaya kawai. Ƙarƙashinsa ya kai digiri 32 zuwa 35, ɗaya gefen ya tsaya wajen 25, don kunkurun ya zaɓi inda yake so. A auna da ma'aunin zafi daidai tsayin bayansa, ba da tafin hannu ba. Da dare a kashe haske, ya kwana a ɗan kogon da aka yi masa da katako. Idan an ɗauke wuta, a cika jarka da ruwan zafi, a naɗe ta da tsumma, a jingina ta jikin kogon. Kaskon gawayi kuwa kada a kuskura a bar shi a rufaffen ɗaki, iskar da yake fitarwa tana kashe dabba da mutum.

Ɗumi kaɗai bai isa ba. Yana buƙatar hasken rana kai tsaye kafin jikinsa ya samar da bitamin D3, wanda da shi yake amfana da kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da ƙoƙon baya. Gilashin taga yana tare sashen hasken rana da ke yin wannan aikin, wanda ake kira UVB. A nan ƙasar Hausa abin da sauƙi: da hantsi ya dubi ludayi, a fitar da shi tsakar gida awa ɗaya ko biyu, inda iska ba ta bugawa kuma akwai inuwa kusa. Wanda ke zaune a Ingila ko arewacin Amurka dole ya sayi fitilar UVB, ya riƙa sauya ta bayan wata 6 zuwa 12, domin ƙarfinta yana ƙarewa ko da tana ci gaba da haske. Rashin wannan hasken ne ke sa ƙoƙon bayan ƙarami ya yi laushi.

Bushewar hunturu ma matsala ce, musamman ga jarirai, waɗanda bayansu ke tasowa tudu-tudu idan sun girma cikin busasshiyar iska. A riƙa yayyafa wa ƙasar kogon ruwa, amma laima tare da sanyi ta fi bushewa illa, don haka sai an tabbatar da ɗumi tukuna. A tsoma shi a ruwa mai ɗumi, iya haɓarsa, minti 15 zuwa 20, jariri kullum, babba sau ɗaya ko biyu a mako. A goge shi kafin a mayar, sannan a wanke hannu da sabulu.

Abincinsa ciyawa ce, ɗanya ko busasshiya, irin su kirikiri. Harawa kaɗan-kaɗan, tuwo da shinkafa da kayan marmari kuwa a bar su. A barbaɗa masa garin ɓawon ƙwai da aka tafasa aka daka, sau biyu a mako, don ya samu kalsiyam.

Kumfa a hanci, numfashi da baki buɗe, ko kumburin ido, alamu ne da ba a jinkiri a kansu. A ƙara masa ɗumi, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar.