Godiya bayan aikin ƙaba da aka yi mini

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi. Yau kwana 9 ke nan da aka yi mini aikin ƙaba. Ina gida a Tudun Wada, har na fara takawa a hankali zuwa masallacin layinmu. Kira ya yi yawa ban samu amsa wa kowa ba, shi ya sa na ga ya kamata in rubuto.

Shekara 3 na yi ina ɓoye wannan ciwo. Kumburi ne a matsematsina ta dama. In na daɗe a tsaye ko na ɗaga ƙarfe a Panteka, kasuwar da nake sana'a, sai ya fito, in na kwanta na danna shi sai ya koma. Kunya ta hana ni faɗa, ga kuma abin da muke ji a majalisa, wai wanda aka yi wa aiki a wurin nan shi da haihuwa sai dai labari. Jiƙe-jiƙe kuwa na sha ba adadi. Sai wani dare ya fito ya ƙi komawa kusan awa guda, gumi na ta karyo mini. Mai ɗakina ta kira Yaya. Ko zama bai yi ba, ya ce, "Sa rigarka, asibiti za mu." Yaya, Allah Ya saka maka da Aljanna.

Bayan godiya ga Allah, wanda zan fi daɗewa a kansa shi ne likitan tiyatar da ya gan ni. Ya sa na tsaya, ya ɗora hannu a wurin ya ce in yi tari. Sannan ya juya bayan wata takarda ya zana mini da biro. Ya ce, "Malam, ka san buhun da ya yage a gefe, hatsi na leƙowa? Haka naman bangon cikinka ya yi rauni, hanji ko kitse ke turowa ta kafar. Babu abin sha da ke ɗinke buhu." Ya gaya mini ƙabar babban mutum ba ta warkewa da kanta, kuma ranar da kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ga ciwo mai tsanani, ga amai, bayan gida da iska sun tsaya, to hanji ne ya maƙale, ba a jiran gari ya waye.

'Yata ta fari ce ta ba ni shawarar rubuta tambayoyina tun daga gida, don ta san in na shiga gaban likita bakina mutuwa yake yi. Na fito da takardar hannuna na rawa, shi kuwa ya ajiye biro ya saurare ni. Na tambayi yadda za a yi aikin. Ya ce iri biyu ne: akwai na tsaga wurin kai tsaye, akwai na 'yan ƙananan huji da ake zura kyamara, wanda sai an sa mutum barci gaba ɗaya. Ni na farkon za a yi mini, da allurar baya mai kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, a shimfiɗa wata 'yar raga ta toshe kafar, kuma a jiki za ta zauna. Tambayar haihuwa ita na bari ƙarshe, da kyar ta fito. Bai yi dariya ba. Ya ce jijiyoyin da ke wucewa ta wurin ana kiyaye su, kuma akasarin maza suna komawa iyalinsu lafiya. Bai kuma ɓoye mini sauran ba: wurin na iya kumbura ko ya yi ruwa, wasu kan daɗe suna jin zafi, wani lokaci ƙabar kan dawo. Wallahi wannan gaskiyar ta fi kwantar mini da hankali a kan a ce mini "ba komai".

Shi ma ya yi nasa tambayoyin. Ina shan taba? Ina da tari mai daɗewa, ko yunƙuri wajen fitsari da bayan gida? Wane magani nake sha? A nan na faɗi gaskiyar jiƙe-jiƙen, ya ce in dakatar da su. An gwada jini da suga, aka tarar jinina ya ɗan hau, sai da aka daidaita shi aka sa rana. Daren aikin, daga ƙarfe 12 ban sake cin komai ba.

A ɗakin tiyata idona biyu. Ƙafafuna suka yi nauyi kamar ba nawa ba, aka sa labule a ƙirjina, wata nas na tsaye a kaina tana cewa, "Baba, ci gaba da salatinka." 'Yar nan, ban san sunanki ba, amma kina cikin addu'ata. Aikin bai wuce awa guda ba. Washegari da na yi fitsari na taka da ƙafata aka sallame ni.

Ina godiya ga mai ɗakina da ta kwana a kan tabarma a barandar asibiti. Ina godiya ga abokan sana'ata na Panteka da suka haɗa kuɗi ba tare da na buɗe baki ba, da yaran shagona da suka riƙe amana, da limaminmu da ya zo har gida ya nuna mini yadda zan yi salla a zaune. 'Yan'uwa na Rigasa, Kawo da Zariya da kuka yi tattaki, Allah Ya ba da ladan zumunci.

Masu tambayar yaushe zan dawo aiki, likita ya ce kada in ɗauki kaya mai nauyi sai bayan mako 6, kuma zan bi maganarsa. Ranar Alhamis zan koma a duba ɗinki.

Ina roƙon ku da addu'a ga wani dattijo da na baro a gadon da ke kusa da nawa. Shi cikin dare aka kawo shi hanjinsa ya riga ya maƙale, sai da aka yanke wani sashe. Ranar da zan fito ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ka gaida gida." Allah Ya tashi kafaɗunsa, amin.